Tsakanin Ruwan Toka da Ruwan Ƙasa: Launin Bangon Ɗaki a Garuruwan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

 

A shafin gida da iyali na wannan fitowa za mu yi magana a kan launin da ake shafa wa bangon ɗaki. Akwai wani launi da ya yi tashe a ƙasashen Turai da Amurka tun wajajen shekarar 2010, har ya iso gare mu ta hotunan wayoyin hannu da gidajen sauƙar baƙi na manyan birane. Shi ba fari ba ne fat, ba kuma toka-toka ba ne irin na ɗanyen siminti. Yana tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa, mai sanyi ga ido, kamar rairayin bakin kogi idan ya bushe. Masu karanta ɓangaren Faransanci na wannan mujalla sun san shi da sunan «grège», wanda asalinsa sunan launin zaren alharini ne tun ba a wanke shi an rina ba.

Mun zaɓi mu dubi wannan launi daga gidajen ƴan uwanmu Hausawan Sudan, mazauna Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, domin a wurinsu maganar gyaran ɗaki ta wuce kwalliya. Da yawa daga cikinsu sun bar gidajensu saboda fitina, waɗanda Allah Ya nufa da komawa kuma sun tarar da aikin gyara mai yawa da kuɗi kaɗan. Abin da ya dace da su ya dace da mai gida a Maraɗi ko Damagaram ko Katsina, tunda ƙura da zafi da ginin ƙasa duk mun yi tarayya a cikinsu.

Yadda Hausawa suka kafa gidaje a can

Tun zamani mai nisa hanyar aikin hajji daga ƙasar Hausa ta bi ta Borno da Wadai da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya, kuma mahajjata da dama kan yada zango a hanya su yi noma ko sana'a kafin su ci gaba, wasu kuma zaman ya ɗore har jikoki. Babban ƙaura ya zo ne bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a hannun sojojin Ingila. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu a wajajen 1906, kuma garin da ke ɗauke da sunansa, Mai Wurno, yana nan kudu da Sinnar har gobe.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, wanda daga baya ya haura fadan miliyan 2. Hannun Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka raya wannan noma. Wasu sun zauna a garuruwa masu tsari, wasu kuma a ƙauyukan ma'aikata na gefen gonaki da ake kira kambo, jam'insa kanabi, inda galibi mazauna ba su da takardar mallakar filin da suke kai, don haka gininsu bai cika wuce ƙasa da ciyawa ba.

Gidan Bahaushen Sudan ya ɗauki fasali biyu. Akwai tsakar gida mai katanga da suke kira hosh, da diwan na baƙi maza wanda ya tsaya a matsayin zaure, da rumfar rakuba ta shan iska, da gadon igiya na angarib. Bangon kuwa iri uku ne: na jalus, wato ginin laka da ake ɗorawa sahu bisa sahu, na jan bulo da ake gasawa a bakin kogi, sai na bulon siminti a gidajen masu hali. Sanin wane iri ne bangonka shi ne matakin farko, domin abin da ya gyara ɗaya yana iya kashe ɗaya.

Ƙura da rana

Duk wanda ya shafa wa ɗaki fari fat a wannan yanki ya san cewa farin ba ya daɗewa. Daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina guguwar habub kan taso ta rufe gari da ƙura, ƙurar ta shiga ta kowace kafa ta kwanta a bango. Ga hayaƙin gawayi da na turaren wuta, wanda matan Sudan ba sa rabuwa da shi, ga hannun yara, ga shatin kai a inda ake jingina. A kan farin bango kowane ɗaya daga cikin waɗannan yakan fito ɓaro-ɓaro. Launi mai duhu sosai shi ma ba ya ɓoye ƙura, don ƙurar ta fi shi haske. Launin da ke tsakanin toka da ƙasa kuwa ɗan uwan ƙurar ne, shi ya sa yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya nuna tsufa.

Na biyu shi ne haske. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Wad Madani yakan wuce digiri 40, rana kuma tana da ƙarfin da idan ta faɗa kan farin bango ta ƙofa ko taga sai ta kashe ido. Masu yin fenti suna da ma'auni daga 0 zuwa 100 na yawan hasken da launi ke maidowa: baƙi yana kusa da 0, farin fenti yakan haura 80, shi kuwa wannan launi galibi yana tsakanin 50 da 70. Ma'ana yana rage ƙyalli ba tare da ya mai da ɗaki kogo ba. Ɗakunan ƙasa masu ƙananan tagogi sun fi son wanda ya kai 60 ko ya ɗara, a bar rufin ɗaki daga ciki fari domin ya watsa haske.

A nan akwai abin lura. Shawarwarin da ake karantawa daga Turai, cewa ɗakin da ke duban arewa ba ya samun rana, an gina su ne a kan ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Jazira tana wajen digiri 14 arewa, kusan layi ɗaya da Damagaram da Tawa, rana kan bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, har ma takan karkata arewa a farkon damina. Abin da ya fi damun mu shi ne gabas da yamma. Ɗakin da tagarsa ke duban yamma yana shan rana mai ja daga la'asar, don haka ya fi son nau'in da ya karkata ga toka; wanda hasken ya yi masa ƙaranci kuma ya fi son nau'in da ya karkata ga ruwan ƙasa.

Wannan duka maganar cikin ɗaki ce. Bangon waje da saman rufi, gwargwadon farinsu gwargwadon zafin da suke korewa.

Bangon ƙasa ba ya son a toshe shi

Ƙasar Jazira baƙar laka ce mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe. Wannan motsi yakan taɓa harsashin gini, ya fasa bango, kuma babu fentin da ke ɗinke tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ɗakin kwana kuwa kunama da kuɗin cizo ne ke samu. Saboda haka a fara cike tsaga, a gyara indararo da magudanar ruwa, a tabbata ruwan sama ba ya kwanciya a gindin bango, sa'an nan a yi maganar launi.

Bangon laka yana shan damshi da damina ya fitar da shi da rani. Idan aka lulluɓe shi da fentin mai, ko aka yi masa filastar siminti mai kauri, damshin da ya hau daga ƙasa ba ya samun mafita. Sai ka ga fenti ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, gindin bango ya yi fari-fari da gishiri, ƙasar da ke ciki ta ruɓe. Magabata sun san haka. A ƙasar Hausa magina kan yi yaɓe da makuba daga ɓawon ɗorawa, su shafe cikin ɗaki da farar ƙasa. A Sudan kuma ana yaɓe da zibala, wato laka da kashin dabbobi da aka bari suka ruɓa tare, sa'an nan a bi da jir. Dukkansu suna barin bango ya sha iska.

Jir dutse ne da aka ƙona a wuta mai zafin kusan digiri 900, aka kashe shi da ruwa. Idan aka shafa shi a bango yakan ja wani sinadari daga iska, a hankali ya koma dutse kamar yadda ya faro. Yana da kaifi irin na kanwa, shi ya sa fumfuna ba ta jin daɗin zama a kansa, kuma ya fi kowane fentin gwangwani araha. Ga yadda ake fitar da launin da muke magana a kai daga gare shi:

A dama jir da ruwa ya yi tsinkewar madara, a tace. A nemi garin launi irin wanda ake zuba wa siminti, domin shi ne ke jure kaifin jir. Wasu launukan kwalba kan koɗe a cikinsa. A ɗauki ruwan ɗorawa da ɗan yawa, ja ko ruwan ƙasa kaɗan, baƙi ɗan mitsitsi, a kwaɓa su daban da ruwan ɗumi kafin a juye. Jimillar garin launi kada ta wuce kashi 1 cikin 10 na nauyin jir, in ba haka ba shafen zai riƙa zuba a tufafi. A haɗa abin da zai ishi ɗakin gaba ɗaya a mazubi guda, saboda da wuya kwaɓi na biyu ya yi daidai da na farko. A yayyafa wa bango ruwa, a shafa siriri da sanyin safiya, a bar kwana ɗaya tsakanin shafe da shafe, har sau uku ko huɗu. Kada mai aiki ya tsorata idan ya ga launin ya yi duhu yana ɗanye. Jir yakan yi haske ƙwarai idan ya bushe. A kare ido da hannu, a nisantar da yara daga bokitin, domin yana ƙuna.

Wanda bangonsa na jan bulo ne ko na siminti mai filasta, fentin ruwa ya ishe shi. Sai dai sabuwar filasta tana buƙatar kamar mako huɗu ta bushe kafin a ɗora mata fenti.

Gubar dalma

Wannan shi ne ɓangaren da muke roƙon iyaye su karanta da natsuwa. Al'ada ce a gidajenmu da makarantunmu a shafe ƙasan bango da ƙofofi da tagogi da fentin mai, mai ƙyalli, kore ko ja ko ruwan ɗorawa. Binciken da aka yi a kasuwannin ƙasashen Afirka da Asiya da dama ya nuna cewa irin wannan fenti ne ya fi ɗauke da dalma, musamman mai launin ɗorawa da ruwan goro da ja da kore, saboda ana amfani da ita wajen fitar da launin da kuma sa fentin ya bushe da wuri. Idan ya tsufa yakan zama gari ya gauraya da ƙurar ɗaki. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jikin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta da riƙe karatu, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da yara kimanin 400 suka rasu. Can daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje dalmar ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar guda ce. Ta fenti ba ta cika kisa nan take ba. A ɓoye take aiki, sai a ga yaro ya kasa riƙe allonsa a ce masa daƙiƙi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana kira ga ƙasashe su kafa dokar da ta taƙaita dalma a fenti zuwa kashi 90 cikin miliyan.

Jir ba ya buƙatar dalma, fentin ruwa ma galibi ba a sa masa ita. Wannan babban dalili ne na fifita launi mai laushi na jir ko na fentin ruwa a kan mai ƙyalli. Amma launi kaɗai ba shaida ba ne, fentin mai ko da toka-toka ne yana iya ɗauke da ita. Wanda ya zama dole ya saya don ƙofar ƙarfe, ya nemi gwangwanin da aka rubuta a jikinsa cewa ba a sa dalma ba. Wajen kankare tsohon fenti kuma kada a goge shi a bushe. A jiƙa shi, a fitar da yara da mata masu juna biyu daga gidan, a tattara ɓarɓashin, a goge daɓe da tsumma mai ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Gwaji da lissafi

Launin nan yana da ƴan uwa da yawa, wani ya karkata ga ruwan hoda, wani ga kore, wani ga ɗorawa, kuma ɗan katin da mai kanti zai nuna maka ba ya faɗin gaskiyar yadda zai fito a ɗakinka. A shafa shi a faɗin mita ɗaya a bango biyu masu fuskantar juna, a bari ya bushe, a dube shi da hantsi, da azahar, da gab da magariba, da kuma bayan isha'i a hasken fitila. Ƙwan lantarki mai haske fari mai shuɗi-shuɗi, irin wanda ya yawaita a fitilun sola, yakan janye ɗumin launin ya mai da shi kamar siminti. Mai haske ɗorawa-ɗorawa ya fi fito da shi.

Ga misalin lissafi. Ɗaki mai mita 4 faɗi, 4 tsawo, 3 bisa, bangonsa murabba'in mita 48 ne. A cire kamar 5 na ƙofa da tagogi, saura 43. Shafe biyu ya zama 86. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a bango mai santsi, ke nan lita 9 ta isa, a ƙara kaɗan idan filastar tana da kaushi.

Uwargida ce ta fi zama a ɗakin, ita ya kamata a fara shawarta. Wannan launi ba ya gasa da kaya: jeren amarya, da labule, da darduma, da shimfiɗar gado mai ado, da itacen angarib, duk sun fi fitowa a gabansa. A gidan da akwai tsoho mai raunin gani, a bambanta ƙofa da dokin ƙofa da gindin bango da launi mai ɗan duhu, kada komai ya saje ya yi tuntuɓe. A yankunan da ma'aikatan lafiya ke feshin maganin sauro a bangon ɗakuna, kamar yadda aka daɗe ana yi a Jazira, a yi shafe kafin feshi, domin wanda ya shafe bayansa ya binne maganin. Masu shirin gyara don Sallah ko biki kuma su fara da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da addini ya nuna

Musulunci bai haramta ƙawata gida ba. A cikin Suratun Nahli, aya ta 80, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci gidaje cikin ni'imominsa, Ya mai da su wurin natsuwa. A Suratul A'arafi, aya ta 31 da ta 32, an hana almubazzaranci, an kuma yi inkari ga wanda ya haramta adon da Allah Ya fitar wa bayinsa. Babu wani launi na bango da shari'a ta wajabta, kuma ba ma cewa wanda ya so shuɗi ko kore ya yi laifi.

Sai dai akwai ladabi game da wurin salla. Imamul Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta rataya wani labule mai zane a gefen ɗakinta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce ta da ta kawar da shi saboda zanen yana gitta masa a cikin salla. Haka nan ya kawo cewa Sayyidina Umar, lokacin da ya yi umarni da ginin masallaci, ya gargaɗi mai aikin kada ya sa ja ko ɗorawa ya shagaltar da mutane. Tunda mata galibi a ɗaki suke salla, maza ma an kwaɗaitar da su yin nafila a gida, ya dace bangon da ake fuskanta ya zama marar hayaniya. A ƙasar Hausa bangon gabas ne. A Jazira da Sinnar kuwa alƙibla ta karkata arewa maso gabas, sai mai gida ya lura da wanda ya dace da shi.

Abin da ya kamata a guje masa shi ne gasa. Mutum ya ci bashi domin ɗakinsa ya yi kama da hoton da ya gani a waya, alhali bokitin jir da ɗan garin launi sun isa su ba shi abin da yake nema, wannan ba dabara ba ce.

Ga waɗanda suka koma gida

A watan Yuli da na Oktoba 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu, a wajajen Rusairis da Wad al-Mahi, ya ci rayukan ɗaruruwan mutane, ya kori dubbai, Hausawa da yawa a cikinsu. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun a Disamba 2023, Sinja a Yuni 2024. Sojoji suka karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani a Janairu 2025. Bayan haka ne jama'a masu ɗimbin yawa suka kama hanyar komawa, wasu suka tarar an ɓalle ƙofofi, wasu rufi ya rufta bayan damina ba mai kula.

Ga irin waɗannan gidaje tsarin aiki shi ne: duk wani ƙarfe da ba a san shi ba a ɗaki ko tsakar gida kada a taɓa, a sanar da hukuma, domin ragowar makamai sun halaka yara da dama a wuraren da aka yi yaƙi. Sa'an nan rufi, sa'an nan tsaga da gindin bango, launi a ƙarshe. Bangon da wuta ta lasa a wanke baƙin hayaƙin da ruwa da sabulu tukuna, in ba haka ba zai ɓullo ta cikin sabon fenti. A fara da ɗaki ɗaya, wanda yara ke kwana, saura su biyo baya gwargwadon hali.

Mu kuma da Allah Ya bar mu a gidajenmu lafiya, haƙƙinsu yana kanmu. Waɗannan mutane jininmu ne, kakanninsu daga Sakkwato da Kano da Katsina da Gobir suka tashi. Wanda yake da dangi a can ya neme su, wanda yake da iko ya taimaka ta hanyar da ya amince da ita, ko da kuɗin buhun jir ne da kwanon rufi.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mai da kowa ɗakinsa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare mana zuriyarmu, Ya sa gidajenmu su zama wuraren natsuwa da ambatonsa. Amin.